Idan Kebek ta ɓalle daga Kanada, yaya mutane za su karɓi lamarin?

A daren 30 ga watan Oktoba 1995, saura ƙiris ƙasar Kanada ta rabe. An tambayi mutanen lardin Kebek ko sun yarda lardinsu ya zama ƙasa mai cin gashin kanta, bayan an yi wa sauran Kanada tayin sabon ƙawance na tattalin arziki da siyasa. Kashi 93,5 cikin ɗari na masu rajista suka fito. Da aka gama ƙidaya, masu “a'a” sun samu kashi 50,58, masu “eh” kuma 49,42. Ƙuri'a dubu 54 da 288 ce kacal ta raba su, cikin ƙuri'u sama da miliyan huɗu da rabi.

Tun daga wannan dare ake tambayar abin da zai faru washegari da a ce “eh” ce ta yi rinjaye. Maganar ba ta mutu ba, domin jam'iyyar ƴan aware ta Parti Québécois, wadda Paul St-Pierre Plamondon yake jagoranta tun 2020, ta yi alkawarin shirya zaɓen raba gardama na uku idan mulki ya dawo hannunta. Amsar kuwa ba sai an je wurin mai duba ba. Sau biyu aka yi wannan zaɓe, kuma kowane ɓangare ya riga ya nuna inda ya sa gaba.

Kebek a taƙaice

Kebek ce mafi faɗi cikin larduna goma na Kanada. Tana da murabba'in kilomita sama da miliyan ɗaya da rabi, ke nan ta fi Nijar girma. Mutanenta kusan miliyan 9 ne, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar Kanada, kuma kamar a nan gida, kusan dukkansu sun taru ne a kudu, a bakin kogin Saint-Laurent inda biranen Monreyal da Kebek suke. Arewa daji ce da tafkuna da ƙanƙara. Fiye da kashi uku cikin huɗu na mutanen lardin Faransanci suke yi a gidajensu, shi ne kuma harshen hukuma tilo tun 1974.

Faransawa ne suka kafa birnin Kebek a 1608. Ingila ta ci shi da yaƙi a 1759, Faransa ta sallama mata ƙasar a yarjejeniyar Paris ta 1763. Jikokin waɗannan Faransawa suka yi shekara ɗari biyu suna riƙe da harshensu da cocin Katolika, alhali bankuna da manyan kamfanonin Monreyal suna hannun masu jin Ingilishi. Daga 1960 abubuwa suka juya. Gwamnatin lardi ta karɓi makarantu da asibitoci daga hannun coci, ta sayi kamfanonin lantarki masu zaman kansu ta haɗe su cikin Hydro-Québec. Ministan da ya jagoranci aikin lantarkin, René Lévesque, shi ne ya kafa Parti Québécois a 1968, ya ci zaɓe a 1976, ya kawo dokar kare Faransanci da ake kira Doka 101 a 1977. Ya shirya zaɓen raba gardama na farko ranar 20 ga Mayu 1980, ya sha kaye da kashi 59,56 na “a'a”.

An taɓa gwada bindiga. A watan Oktoba 1970 wata ƙaramar ƙungiya mai suna FLQ ta sace jami'in diflomasiyyar Birtaniya James Cross da ministan ƙwadago na lardin Pierre Laporte, aka kuma tsinci gawar ministan a but ɗin mota. Wannan kisa ya sa jama'a suka juya wa masu makamai baya, har da waɗanda suke son ɓallewar. Tun daga nan a akwatin zaɓe da gaban alƙali ake yin rigimar.

Abin da ya sake hura wutar shi ne kundin tsarin mulki. An gyara shi a 1982 ba da sa hannun gwamnatin Kebek ba. Yunƙurin lallashinta da yarjejeniyar tafkin Meech ya rushe a 1990, wani yunƙurin kuma ya faɗi a zaɓen 1992. Daga nan aka kai ga daren 1995.

Masu guɗa da masu ɗaure kaya

Ƙuri'ar 1995 ta bi layin harshe. Wajen kashi 60 cikin ɗari na masu Faransanci sun ce “eh”. Masu Ingilishi da baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe kuwa kusan dukkansu “a'a” suka ce. Saboda haka ranar da ƴan aware suka yi nasara, za a kwana ana shagali a yankin Saguenay da unguwannin gabashin Monreyal, a yammacin birnin kuma a kwana ana lissafin kuɗin sayar da gida. A daren da ya faɗi zaɓe, firaministan lardin Jacques Parizeau ya ɗora laifin kayen a kan kuɗi da ƙuri'un wasu ƙabilu. Washegari ya ba da sanarwar murabus, amma har yau baƙi da yawa ba su manta da wannan magana ba.

Ƙaura ba barazana ce ta fatar baki ba, an ga irinta. Bayan nasarar Lévesque da Doka 101, dubun-dubatar masu Ingilishi sun koma Ontariyo da yammacin ƙasar. Kamfanin inshora na Sun Life ya sanar a 1978 cewa zai kwashe babban ofishinsa zuwa Toronto, kuma a waɗannan shekaru ne Toronto ta gama ƙwace wa Monreyal matsayin cibiyar kuɗin ƙasa. Sai dai waɗanda suka zauna sun bambanta da waɗanda suka tafi: kusan biyu cikin uku na masu Ingilishin Kebek yau suna jin Faransanci, ƴaƴan baƙi kuma makarantun Faransanci doka ta tura su. Ba kowa ne zai ɗaure kaya ba.

Ga baƙi, irin su ƴan Haiti, Aljeriya, Maroko, Kamaru da sauran ƙasashen Afirka da suka cika Monreyal, har da ɗalibai ƴan Nijar, tambayar farko ta takardu ce. Wanda ya yi shekaru yana jiran fasfon Kanada, wane fasfo za a ba shi? Daftarin dokar da Parizeau ya gabatar a 1995 ya ce mutum zai iya riƙe zama ɗan ƙasa biyu. Amma majalisar dokokin Otawa ce take da ikon cewa wane ne ɗan Kanada, kuma da wuya ta bar mutum miliyan tara da suke zaune a wata ƙasa su ci gaba da riƙe fasfonta ba tare da ta nemi wani abu ba.

Arewa tana da masu ita

Ƙulli mafi wuyar kwancewa yana cikin Kebek ɗin kanta. Akwai al'ummomi goma sha ɗaya na ƴan asalin ƙasar, waɗanda kakanninsu suke nan tun kafin jirgin Bature na farko ya iso. Ba su da yawa, amma ƙasar da suke zaune a kanta tana da faɗi ƙwarai. Yankin Nunavik na mutanen Inuit shi kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na lardin.

Kwana shida kafin zaɓen 1995, al'ummar Kri ta yankin Baie-James, ƙarƙashin babban shugabanta Matthew Coon Come, ta shirya nata zaɓen. Kashi 96 cikin ɗari suka ce ba su yarda a fitar da su daga Kanada ba da izininsu ba. Mutanen Inuit suka yi nasu, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Hujjarsu mai sauƙi ce: idan masu Faransanci suna da ƴancin zaɓar makomarsu domin su al'umma ce mai harshe da tarihi, to su ma haka. Suna kuma tunatar da cewa arewacin lardin ba ya cikin Kebek lokacin da aka kafa tarayyar Kanada a 1867. Majalisar tarayya ce ta ƙara mata shi a 1898 da 1912.

Abin da ya sa maganar take da zafi shi ne wuta. Manyan madatsun ruwa na kogin La Grande, waɗanda suke ba da kusan rabin lantarkin Hydro-Québec, a ƙasar Kri suke. An gina su ne bisa yarjejeniyar 1975 wadda gwamnatin lardi, gwamnatin tarayya, Kri da Inuit duk suka sa wa hannu. Idan ɗaya daga cikin masu sa hannu ya canza matsayi, sauran za su ce sai an sake zama. Ƙasar Kebek da babu waɗannan madatsu ba ita ce wadda ƴan aware suke mafarki ba.

Su kuma ƴan aware suna da amsarsu. A 1992 wasu masana dokar ƙasa da ƙasa su biyar, da majalisar lardin ta nemi ra'ayinsu, sun ce Kebek za ta fita ne da iyakokin da take da su ranar fita. Wannan ita ce ƙa'idar da ƙasashen Afirka suka bi lokacin samun ƴancin kai. Otawa ta mayar da martani ta bakin minista Stéphane Dion cewa idan Kanada tana rabuwa, to Kebek ma tana rabuwa. Bayan 1995 wasu ƙananan hukumomi na yammacin Monreyal da na bakin iyakar Ontariyo sun zartar da ƙudurin cewa su a Kanada za su zauna ko da me.

Babu mai tsammanin yaƙin basasa, amma an san yadda rikicin ƙasa yake iya ƙazancewa. A 1990, a garin Oka kusa da Monreyal, shirin faɗaɗa filin wasan golf a kan ƙasar da mutanen Mohawk suke cewa tasu ce ya jawo tsayuwar kwana 78. An kashe ɗan sanda guda, sai da aka kawo soja.

Otawa: daga ruɗewa zuwa kafa sharaɗi

A 1995 gwamnatin tarayya ba ta da wani tsayayyen shiri. Ƴar jarida Chantal Hébert da tsohon minista Jean Lapierre sun zanta da manyan ƴan siyasar wancan lokaci, suka fitar da littafi a 2014, kuma abin da ya fito fili shi ne kowa da nasa lissafi. Parizeau yana son ɓallewa kai tsaye, abokin tafiyarsa Lucien Bouchard yana son a yi amfani da ƙuri'ar a ƙulla sabon ƙawance. A ɗaya ɓangaren, firaministan Kanada Jean Chrétien shi kansa ɗan Kebek ne, daga mazaɓar Kebek aka zaɓe shi. Da wuya sauran larduna su bar shi ya yi ciniki da sunansu a kan rabuwa da garinsu.

Tsoratar da aka yi ce ta sa aka kai maganar Kotun Ƙoli. Ranar 20 ga Agusta 1998 kotun ta ce Kebek ba ta da ikon ɓallewa ita kaɗai, ko a dokar Kanada ko a ta duniya. Amma ta ƙara da cewa idan rinjaye bayyananne ya amsa tambaya bayyananniya da “eh”, wajibi ne sauran ƙasar su zauna a tattauna. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. A shekara ta 2000 Otawa ta yi dokar da ta ba majalisar tarayya ikon tantance ko tambayar da rinjayen sun fito sarai, ba tare da ta faɗi adadi ba, ta kuma jera abubuwan da sai an daidaita su: rabon bashi da kadara, iyakoki, haƙƙin ƴan asalin ƙasa da na tsiraru. A shekarar dai majalisar Kebek ta yi tata dokar, ta ce rabi da ƙuri'a ɗaya ya isa.

A nan ne komai zai rataya. Nasara da kashi 60 za ta rufe bakin kusan kowa. Nasara da kashi 50,5 kuwa za ta haifar da gwamnatoci biyu, kowace tana cewa ita ce da doka, ɗan kasuwa bai san wa zai biya haraji ba, alƙali bai san wace doka zai bi ba.

Sauran larduna

Kwana uku kafin zaɓen 1995, dubban mutane daga ko'ina cikin Kanada suka cika wani dandali a Monreyal da tutoci suna roƙon Kebek ta zauna, kamfanonin jirage ma suka karya musu farashin tikiti. Wannan ƙauna ta kafin zaɓe ce. Wanda aka ƙi bayan ya yi roƙo ba ya yin ciniki da taushin zuciya.

A yamma, musamman Alberta mai man fetur, akwai masu cewa a raka taki gona. Ƙorafinsu tsarin daidaita arziki ne, inda gwamnatin tarayya take tallafa wa lardunan da kuɗin shigarsu bai kai ba. Kebek tana karɓar sama da dalar Kanada miliyar 13 a shekara, wajen rabin kuɗin gaba ɗaya. A 2021 kusan kashi 62 na masu zaɓen Alberta sun goyi bayan a cire tsarin daga kundin mulki.

Larduna huɗu na bakin tekun Atlantika su ne za su fi shiga uku, domin Kebek ce take tsakaninsu da sauran ƙasar, duk hanyar mota ko ta jirgin ƙasa sai ta ratsa ta ciki. Tsakanin Kebek da ɗaya daga cikinsu ma akwai tsohon miki: iyakar Labrador da aka yanke a London a 1927, wadda Kebek ba ta taɓa amincewa da ita a hukumance ba. Ontariyo kuma za ta wayi gari da kusan rabin mutanen ƙasar da ta rage, abin da yamma ba za ta so ba. Littafin Hébert ya bayyana cewa firaministan lardin Saskatchewan na lokacin, Roy Romanow, ya kafa wani kwamiti a asirce da ya duba duk hanyoyi, har da ficewar nasa lardin.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba: masu Faransanci kusan miliyan ɗaya da suke zaune a wajen Kebek, yawancinsu a Ontariyo da Nouveau-Brunswick. Makarantunsu da haƙƙinsu na a yi musu aiki da harshensu a ofisoshin tarayya, wanda dokar 1969 ta tabbatar, sun dogara ne da nauyin Kebek, mai kujeru 78 cikin 343 a majalisar wakilai. In ta tafi, za su koma kusan kashi uku cikin ɗari na ƙasar. Shi ya sa ƙungiyoyinsu ba su taɓa yin ɗokin ɓallewar ba.

Kuɗi

Kebek ba za ta fara daga sifili ba. Ita take karɓar nata harajin albashi tun 1954, tana da asusun fansho nata, ƴan sandanta, dokar farar hula tata, ita take zaɓar yawancin baƙin da suke zuwa aiki, tana da ofisoshi a ƙasashen waje har da Dakar da Abidjan. Ba a cika gardama kan cewa za ta iya riƙe kanta ba. Gardamar a kan shekarun farko ne da kason da za ta ɗauka na bashin tarayya.

Masu kuɗi ba sa jiran sakamako. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen lardi na Afrilu 1970, wani kamfanin ajiya ya loda takardun hannun jari cikin motoci masu sulke ya nufi Toronto da su a gaban masu ɗaukar hoto. Parizeau, wanda masanin tattalin arziki ne, ya san da haka, don haka a 1995 ya tanadi miliyoyin dubban daloli ta hannun hukumomin lardin domin tare faɗuwar takardun bashin Kebek. Shirinsa shi ne a ci gaba da amfani da dalar Kanada. Babu mai iya hana hakan, amma babban bankin da yake yanke shawara zai kasance a Otawa. Wanda yake kashe sefa ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da wannan yake nufi.

Amurka, Faransa da Yamai

Amurka ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Kwanaki kafin zaɓen 1995 shugaba Bill Clinton ya fito ya yabi Kanada dunƙulalliya. Kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kebek take fitarwa waje Amurka suke zuwa, har da lantarkin da take sayar wa New York, kuma sabuwar ƙasa ba za ta tsinci kanta cikin yarjejeniyar kasuwancin Amurka ta Arewa haka kawai ba, sai ta nema.

Faransa ce ƴan aware suke sa wa ido. Ranar 24 ga Yuli 1967 Janar de Gaulle ya tsaya a barandar ofishin magajin garin Monreyal ya ce “Vive le Québec libre !”, gwamnatin Kanada ta fusata, ya koma gida bai je Otawa ba. Daga 1977 Paris ta koma ga manufar ba ta tsoma baki, ba ta kuma kau da kai. A 1995 Jacques Chirac ya nuna cewa Faransa za ta amince da abin da ƙuri'a ta bayar, amma Nicolas Sarkozy ya fito fili ya goyi bayan haɗin kan Kanada lokacin mulkinsa.

Afirka ta taɓa shiga tsakiyar wannan rigima. A 1968 Gabon ta gayyaci Kebek kai tsaye zuwa taron ministocin ilimi a Libreville, ta karɓi ministanta kamar na ƙasa mai ƴanci, Kanada ta dakatar da hulɗa da ita. Sai rikicin ya sauka a Yamai. A tarukan da shugaba Diori Hamani ya karɓi baƙuncinsu a Fabrairu 1969 da Maris 1970 domin kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashe masu Faransanci, Faransa ta nace a ba Kebek kujera, Kanada ta ce ƙasa ɗaya murya ɗaya. Aka tsaya a kan cewa gwamnatin da ba ta ƙasa ba tana iya shiga idan ƙasarta ta yarda. Aka sa hannu ranar 20 ga Maris 1970, aka naɗa ɗan jaridar Kebek Jean-Marc Léger babban sakatare na farko, Kebek ta samu kujerarta a 1971. A shekarun da suka biyo baya ne Kanada ta ɗauki nauyin hanyar gabas da ake kira Route de l'Unité, mai zuwa Diffa da N'Guigmi.

Yau Nijar ba ta kan wannan teburi. Ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci a Maris 2025, tare da Burkina Faso da Mali, kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Zumuncin harshe ke nan ba zai yi wa Kebek wani amfani a nan ba. Gwamnatocin Afirka ma gaba ɗaya suna ɗari-ɗari da duk wata ɓallewa tun ƙudurin Alƙahira na 1964 kan mutunta iyakokin da aka gada. Eritrea a 1993 da Sudan ta Kudu a 2011 sun samu karɓuwa ne bayan Addis Ababa da Khartoum sun amince. Kataloniya, da ta ayyana ƴancin kai a 2017 ba da yardar Madrid ba, ko ƙasa ɗaya ba ta amince da ita ba. Mafi yawan ƙasashe za su jira su ji ta bakin Otawa tukuna.

Inda aka tsaya

A 2006 majalisar wakilan Kanada ta amince cewa mutanen Kebek al'umma ce ta musamman a cikin Kanada dunƙulalliya, amma har yanzu babu gwamnatin lardin da ta sa hannu a kundin 1982. Binciken jin ra'ayi na shekarun nan yana nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne zai ce “eh”, kuma maganar da Donald Trump ya riƙa yi a 2025 ta mayar da Kanada jiha ta 51 ta Amurka ta sa wasu masu Faransanci sun ƙara manne wa tarayyar. Sai dai a farkon yaƙin neman zaɓen 1995 ma “a'a” ce take gaba da tazara, kafin a miƙa wa Lucien Bouchard ragamar kamfe saura mako uku a kaɗa ƙuri'a.